Kan Burtu a Goshin Mai Hoto

Malam Ɗayyabu, tunda ka ce an turo ka koyar da manoman ƙauyen nan amma ba sa jin maganarka, har kana tunanin neman canjin wuri, gyara zama in ba ka wani misali. Shayin ma bai huce ba tukuna.

An yi wani mai ɗaukar hoto a birni, irin masu yawo gari-gari da kyamara mai dogon baki suna bin tsuntsaye. Ya ɗauki shamuwa, ya ɗauki zalɓe, ya ɗauki shirwa tana shawagi a kan mahauta, kuma ya san ya iya, don ko ba ka tambaye shi ba sai ya faɗa maka. Mahaifiyarsa 'yar bakin fadama ce, aure ya kai ta birni, ta shekara arba'in ba ta sa gauraka a ido ba. Ranar da likita ya ce ganinta yana tafiya, kuma ba mai dawowa ba ne, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi da ɗan nata, "Kai da ba ka da aiki sai bin tsuntsaye, kawo mini gauraka yana tashi, in ga tukkun nan nasa kafin fitilar ta mutu." Ya ce ai wannan aikin yini guda ne. Ya yi tafiyar kwana biyu a mota, ya ƙarasa a kwalekwale, ya sauka fadama sanye da farar shadda mai sitaci, tana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. A gindin wata tsamiya ya wuce wani gajeren tsoho yana gyaran raga. Tsohon ya yi masa maraba, shi kuwa hannu kawai ya ɗaga. Kwana uku yana bin gauraki a tsaye ƙiƙam. Tun daga nesa suke hango shi su ba shi baya, duk abin da ya samu bai wuce jela da ƙafafu da sararin sama ba. A rana ta huɗu ƙanwarsa ta bugo waya ta ce tsohuwa ta daina gane fuska sai an matso da ita bakin taga. Ranar nan tsoro ya kama shi sosai.

Masunta suka ce masa in gauraka yake so, mutumin gindin tsamiya tsohon maharbi ne. Ya koma, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi yadda ake gaida manya. Tsohon ya ce, "Sai yau ka gan ni, ɗan nan? Ba laifinka ba ne, gajere nake." Daga nan ya shiga bukka ya fito da kan burtu, busasshen kan tsuntsun nan mai dogon baki da maharba ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe, dabba ta ɗauka burtu ne yake kiwo. Ya sa shi ya tuɓe shaddar, ya rufa masa baƙin tsumma, ya ɗaura masa kan, ya ce, "Ba ƙarfenka suke tsoro ba, tsayuwarka suke tsoro. Ka bar iska a bayanka, don tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi. Kuma ka riƙa sara ƙasa da bakin, burtu ba ya tafiya kamar mai zuwa ofis." Haka mutumin birni ya shiga laka da gwiwa, yana caccakar ƙasa, masunta suna dariya har da riƙe ciki. Gauraki suka ɗaga kai suka dube shi, suka ci gaba da kiwonsu. Ya matsa har yana jin motsin ƙafafunsu a ruwa. Can sai biyu suka miƙe wuya, suka ɗan taka da gudu, suka buɗe fikafikai suka nufo shi gaba da gaba, rana tana haska tukkunsu. Ya danna. Da ya nuna wa tsohon, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Shekara hamsin ina rarrafe da kan nan, duk wanda na kusanta bai kwana ba. Yau ga harbi an yi, ga tsuntsu ya tafi da ransa. Alhamdu lillahi." Ya ƙi karɓar tukwici, ya ce a dai roƙi tsohuwa ta sa shi a addu'a.

An wanke hoton babba, ya kusa kai tabarmar salla. Tsohuwa ta zauna bakin taga, ta kai hancinta dab da takardar, ta bi tukkun da yatsa, ta yi ta kiran sunayen ƙawayenta na ƙuruciya tana dariya. Kafin damina ta faɗi, ganin ya tafi gaba ɗaya. Amma har ta koma ga Allah, in an zo yi mata jaje sai ta ce, "Ku bari, ai na gani."

To ɗaga kai ka dubi bangon da ke bayanka. Hoton ke nan, kuma gwiwoyin da suka sha lakar su ne waɗannan da kake gani ina shafa wa man zafi. Ban ƙara haɗuwa da tsohon nan ba, amma ban taɓa idar da salla ban gode wa Allah da Ya ajiye mini shi a gindin tsamiya ba, ni da na wuce shi da ɗaga hannu. Gobe in ka je gona, cire takalmin nan naka mai sheƙi, ka fara tambayarsu kafin ka koya musu. Ba abin da zai ragu a jikinka, don Bahaushe ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.