Ƙarfen 'Yan Hanya

Tasi'u bai tsaya jin ƙarshen sanarwar ba, ya kashe rediyo ya yi zaure da gudu.

Abin yana nan ƙarƙashin tarin gwangwanaye: akwatin ƙarfe rawaya, mai nauyin tsiya, da zane kamar farfelar fanka a gefe. Shi ne na'urar auna ƙasa da 'yan aikin hanya suka ɓatar. An ce akwai guba a cikinsa da ba a gani, ba a jin warinta, kuma yara ta fi kamawa. Shi kuwa a kwanakin baya har guduma ya sa masa a nan zauren, yana neman jan ƙarfe.

Ga matarsa Furera da ɗanyen jego a cikin gida, ko suna ba a yi ba.

Tasi'u manomi ne a wani ƙauyen Makoda, da rani yana sayen tsofaffin ƙarafa, kuma sana'ar ta shiga jininsa. Ko tsohuwar wuƙar gidan bai bari ba, ya haɗa ya kai kilo. Ranar haihuwa mahaifiyarsa, Inna Kulu, ta yi ta faɗa, wai ina aka taɓa kwantar da jariri ba ƙarfe a kansa, iskoki na yawo? Washegari ta yi shiru, ya gode Allah.

Ya ɗaure akwatin a babur, ya kai can ƙarshen gona, ya binne, ya kira lambar da aka bayar. Ya wanke hannu da toka har fata ta yi ja. Da ya koma gida ya ƙi ɗaukar yaron, daga bakin ƙofa yake leƙensa, tsoro ya cika shi. Ya zauna, ya tashi, ya fita titi, ya dawo.

Da la'asar ma'aikata suka iso da wata na'ura mai ƙara in ta ji gubar. Aka tone ramin. Da ƙyar ta yi ƙyas.

"Alhamdulillahi, ashe ba komai," in ji Tasi'u.

Shugabansu, Malam Muntaka, ya juya akwatin, fuskarsa ta canza. "Malam, wannan ai kwanso ne. Akwai ɗan guntun ƙarfe mai sheƙi da ke zama a ciki, shi ne gubar. Ina ka fasa shi?"

Suka koma zaure. Na'urar ta fara ƙara, amma ba wajen gwangwanayen ba. Da Muntaka ya juya ta cikin gida sai ta ƙara tsananta. Tasi'u ya karɓe ta ya shige, ta ja shi har ƙofar ɗakin mai jego.

Inna Kulu ta ɗaga labule. "Kai, kashe abin nan, yanzu ya yi barci! Kuma kar ka taɓa masa matashi, da ƙyar na tsinto masa ɗan ƙarfe mai kyau a zaurenka."