Ranar da Malam Ya Ce "Wushe"

Malaminmu na Hausa Bakano ne, duk wanda ya sako Kanuri a ajinsa sai ya sha bulala. Wata la'asar ya biyo ni gidanmu a Hausari zai kai ƙarata wurin kakata. Laifina kuwa, na sako Kanuri a aji.

Muka tarar tana turara zannuwanta. Ta dinga jero masa gaisuwa, rabi Hausa rabi Kanuri, har ya durƙusa ya amsa da gaisuwar Kanuri, "Wushe, wushe, Kaka!"

Na daka tsalle na fita layi ina ihu, "Malam ya yi Kanuri!" Ƙarar ma bai kai ba.

Yau ni ma ina koyar da Hausa, ni ke riƙe da jan biro. In na ga "wushe" a takardar ɗalibi, ƙamshin turaren nan nake ji, sai in wuce.