Ƙarar da ke Bayan Ƙofa ta Biyu

Tunda ka ce abin da ka samu bai ishe ka ba, zauna in ba ka misali. An yi wani mai gyara a wani gari, shi kaɗai ya rage da ya san cikin tsofaffin injinan lissafin nan masu buga lamba a kan siririyar takarda. Wata rana wata tsohuwa ta kawo masa na marigayi mijinta, naɗe cikin zane. Ta ce ba lissafi za ta yi da shi ba, ƙararsa kawai take so ta sake ji a ɗaki. Da ya buɗe, sai ya ga wani ɗan faifai mai haƙora ne ya tsage, wanda ke juya lambobin. Bai fi girman kwabo ba, amma an daina ƙera irinsa tun tuni. Ya zaga kasuwanni, ya tona tarin 'yan gwangwan har yatsunsa suka yi baƙi, bai samu ba. Daga ƙarshe aka kwatanta masa wani tsohon ofishin awon auduga a bakin layin dogon da jirgi ya daina bi, inda aka bar irin injinan.

Da hantsi ya isa. Maigadin wurin, wani dattijo da ke zaune can nesa da ginin a gindin dalbejiya, ya saurare shi, ya miƙa masa mabuɗi. Ya ce, "Akwai guda a kan teburin farko. Cire abin da ya kawo ka, ka fito. Kada ka wuce ƙofa ta biyu, ko me ka ji."

Mai gyaran ya shiga. Wurin sanyi ƙalau kamar cikin rijiya, ga warin tsohuwar takarda da kashin jemage. Injin na nan inda aka ce. Ya kwance shi, ya zaro faifan lafiyayye, ya jefa a aljihu. Har ya juya zai fita, sai ya ji: ƙas-ƙas-ƙas. Ya tsaya cik. Ƙarar ta yi shiru. Ya ɗaga ƙafa, ta dawo, daga bayan ƙofa ta biyu, sak ƙarar inji yana bugawa, a gidan da ba wuta ba mutum. Amma wata zuciya ta ce masa, inda ɗaya ke aiki akwai masu kyau da yawa, kayan gyaran da ba zai sake yawon nema ba har ya mutu. Ya tura ƙofar.

Ga injinan nan jere a kan tebura cikin duhu-duhu, kowanne da kujerarsa a ja baya, takardu na reto daga bakinsu, kamar ma'aikatan sun fita salla ne yanzu za su dawo. Babu wanda ke motsi a cikinsu. Ƙarar kuwa ta cika ɗakin, daga sama, daga bango, daga ƙarƙashin ƙafarsa. Duk da haka ya rungumi mafi girma ya ja. Teburin ya ruguje kamar busasshen tuwo, ginshiƙin da ke jingine da shi ya bi, azarar rufi ta sauko a kan hannunsa na dama.

Mutanen da suka tono shi sun ce gara ce ta cinye katakon ta bar ɓawo, ita ce ke buga kai a jikin itace idan ta ji takun mutum. Maigadin bai ce haka ne ba, bai ce ba haka ba ne. Ya dai karɓi mabuɗinsa ya koma gindin bishiya. Faifan ya zube daga yagaggen aljihu ya ɓace cikin ɓaraguzai. Hannun ya warke a shanye, bai ƙara riƙe sukuddireba ba, injin tsohuwa ya koma gida shiru cikin zanensa. Har tsufansa, in ya ji ana ƙwanƙwasa katako sai ya dafe hannun ya waiga.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.