Baƙon da Ba Ya Haɗiye Ruwa

A shekarun da ruwan tafki ya koma ɗaci, attajiran ƙasashen waje sun daina taka tsibirai da ƙafarsu. Mutum-mutumi suke aikowa ya zaga gida-gida, in ya yaba wuri sai su kafa masana'anta.

Ranar da aka sauke shi daga kwalekwale a Gungun Tsamiya, har sabuwar tabarma Ɗanlami ya shimfiɗa masa.

"Tabawa, kawo wa baƙo ruwa mana! Ko ba ki son 'ya'yanki su samu aiki, su daina gudu birni?"

"Malam, baƙon nan naka fa ba ya haɗiya," in ji matar tasa ƙasa-ƙasa.

Ta riga ta leƙi mutum-mutumin a gidan maƙwabta. Yakan karɓi moɗa da hannu biyu kamar ɗan mutunci, amma sai ya tsiyaye ruwan a wata 'yar kwalba da ke ƙirjinsa, ya auna daɗinsa. Ga shi kuwa a bayan ɗakinta, ƙarƙashin kifaffen turmi, rijiyar ruwan daɗi ɗaya tilo da ta rage wa gungun take, kuma ta san masana'anta za ta shanye ta.

Sai ta cika moɗa da ruwan tafki.

"Sannu da hanya, baƙo. Abin da muke sha ke nan."

Ya tsiyaya, ya yi jim, sannan ya shafa gindin moɗar da ɗan yatsa.

"Na gode, Inna. Amma wannan ɗigon ba na tafki ba ne."

Kafin Tabawa ta buɗe baki, Ɗanlami ya miƙe da fara'arsa, yana nuna bayan ɗaki.