Kallabin da Ya Raya Marina

Tunda ka ce an ɗora maka tsara yadda za a koyar da manya sana'a, ajiye takardun nan tukuna in ba ka labarin wani marini na garinmu, Allah ya ji ƙansa.

Ya gaji rijiyoyin rini goma sha biyu a bakin ganuwa, ƙarƙashin wata tsamiya. A zamanin mahaifinsa, tun daga ƙofar gari kake jin warin shuni da ƙarar muciya, fatake suna zaune a inuwa suna jiran a shanya musu kaya. Har yanzu in na wuce wurin sai na ji kewa ta kama ni. Da tsufa ya cim masa saura rijiya ɗaya ke da rai, 'ya'yansa sun bi boko da tuƙin mota, idonsa kuma ya fara yana. Abin da ke cin ransa shi ne kada marinar ubansa ta mutu a hannunsa. Da aka gama girbi sai ya sa aka yi shela cewa duk mai son koyon rini ya zo. Magidanta shida suka zo, manoma ne, kowa da gemunsa da iyalinsa. Tsoho ya ɗauko hanyar da aka bi da shi: ɗaukar toka, dakan ganyen baba na yin shuni, jan ruwa, yasar rijiya, ba mai taɓa tufa sai ya shekara. In mutum ya tambayi dalilin wani abu, amsa ɗaya ce, haka muka tarar. Mutumin kirki ne, amma yana ganin wahalar da ya sha gado ce, dole ya raba ta daidai wa daida. Ya manta shi yana ɗan shekara bakwai aka fara da shi, ba shi da wurin zuwa sai gindin ubansa, waɗannan kuwa watanni huɗu na rani kawai suke da su kafin gona ta kira su. Ba a yi kasuwa uku ba suka zame ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce ciwon baya, wancan ya ce surukarsa ba lafiya. Tsoho ya yi ta faɗa shi kaɗai cewa mutanen yanzu ba su da haƙuri.

Da damina yana neman wata laya a adudun mahaifiyarsa, sai hannunsa ya faɗa kan wani tsohon kallabi. Rinin banza ne, wani wuri ya kama, wani wuri dabbare-dabbare. Ya kai shi kusa da ido, sai ya gane aikinsa. Ranar da aka fara kai shi marina, kafin ya ɗauki ko kwandon toka ɗaya, ubansa ya miƙa masa farin ƙyalle ya ce ya tsoma. Ya fito kore shar, iska na bugunsa yana juyewa shuɗi a hannunsa. Uwarsa ta ɗaura shi ta je biki da shi, tana gaya wa duk wadda ta tsaya cewa ɗanta ne ya rina. Tsoho ya zauna a bakin gado ya yi hawaye, don shekara sittin yana ba da labarin toka da dorina, bai taɓa tuna cewa wannan ƙyallen ne ya riƙe shi a marina ba.

Rani ya dawo, mutum uku kacal suka amsa shela. Tsoho ya ce kowa ya koma gida ya zo da tsohon zanen matarsa. Ranar nan suka tsoma, suka matse, suka ɗaga, suka ga kore yana komawa shuɗi, magidanta suna dariya kamar yara. Suka tafi gida da zane a kafaɗa, hannu baƙi ƙirin har gwiwa, a hanya ana tsokanarsu da sannu marina. Kwana huɗu bayan nan rijiyar ta ƙi kamawa. Ɗayansu ya durƙusa ya ce, “Malam, me ya same ta? Wallahi na riga na yi wa ƙanwata alkawarin zane.” Tsoho ya ce, “Yunwa take ji. Toka take so.” Da gudu suka ɗauko kwandunan da mutanen bara suka yar. Daga nan bai ƙara koya musu abu ba sai rijiya ta sa sun tambaya. Mai son dalili ya zaunar da shi ya buɗe masa sirrin kumfa da wari, mai son yabo kuwa ya riƙa yabonsa a gaban masu kawo kaya. Wahalar ba ta ragu ko kaɗan ba, amma ba wanda surukarsa ta sake rashin lafiya.

Bai mutu ba sai da rijiya bakwai suka tashi. A ƙarshe ba ya gani, sai dai ya zauna gindin tsamiya yana gane rijiyar da ta nuna da hanci. Ranar jana'izarsa ina nan a tsaye. Likkafani fari fat, hannuwan da suka sa shi a kabari kuwa duk shuni ne har gwiwa.

To, kafin ka jera wa mutanenka tokar da za su ɗauka, nemo musu kallabinsu. Hausawa sun ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.