Ƙugiya a Kan Kyau

"Kina da ƙyau." Saƙo na goma sha ɗaya ke nan cikin mako biyu, daga lambar da Safiyyah ba ta sani ba. Abin da ke biyo bayan wannan layin kuwa ba ya faɗuwa a gaban mutane. Ɗan iskan ko rubutu bai iya ba. Wane jaki ne ke sa wa kyau ƙugiya?

Mai saƙon ya san kalar mayafinta, ya san kujerarta a cibiyar koyon kwamfuta ta unguwar Gyaɗi-Gyaɗi. Ashe na gida ne. Ita kuwa ba ta sha wahalar nema ba. Ga Ƙasimu nan mai gyaran kwamfutocin cibiyar, wanda ko sakandare bai ƙarasa ba, kullum yana raɓe-raɓe kusa da teburinta wai yana duba soket. Mutum da furfura a gemu da 'ya'ya huɗu a Unguwar Gano. Tir!

Ta kai ƙara wurin mai cibiyar, Injiniya Abdulmalik, wanda ba a taron fasaha a Kano sai da shi, har lacca yake yi a rediyo kan kare mutuncin mata. Ya karanta saƙonnin, ya yi salati, ya kife wayarsa a kan tebur. Ya tambaye ta wa take zargi. Ta faɗa.

"Ƙanwata, kin gama naki," in ji shi. "Ki goge su, kada su ƙara ɓata miki rai."

A ranar aka sallami Ƙasimu. Ya yi ta rantse-rantse har da hawaye, yana ɗaga 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, wai ita kaɗai ya mallaka. Safiyyah ta ja tsaki. Kamar ɓoye waya ta biyu wani aiki ne! Kafin Juma'a labari ya zaga Tarauni, babu shagon gyara da zai ba shi ko benci. Saƙonni kuwa suka tsaya cak. To, wace shaida kuma ake nema?

Bayan wata guda Injiniya ya tara jama'a don ƙaddamar da sabuwar manhajarsa ta rubuta Hausa a waya, mai sa wa baƙaƙe ƙugiya da kanta. Zaure ya cika maƙil da masu tafi kafin a gama magana. Safiyyah na sahun gaba, shi da kansa ya ba ta kujerar.

"Wata uku ke nan ina gwada ta," in ji shi, yana gyara zaman hula. "Duk duniya babu wayar da take ciki sai tawa."

Ya haɗa wayar da majigi, ya ce bari ya rubuta musu cewa Kano gari ne mai kyau. Safiyyah ta ɗaga hannu za ta yi tafi, sai rubutun ya fito ɓaro-ɓaro a jikin bango:

"Kano gari ne mai ƙyau."