Ladanin da Ƙwaya ta Fitar daga Sahu

Masu sallamar mai ciwon zuciya da ƙullin magani da "Allah ya sawwaƙe", ku saurari wannan misali, don ku aka kawo shi.

A wani gari an yi wani ladani da zuciyarsa ta gaji. Ruwa ya riƙa taruwa a jikinsa, ƙafafu su kumbura har takalmi ya ƙi shiga, in ya kwanta ya ji kamar an ɗora masa turmi a ƙirji. Aka kai shi asibitin birni, aka yi masa allurai, ruwan ya fita, numfashi ya dawo. Ranar sallama wani ma'aikaci ya miƙo masa ƙwayoyi ta taga, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce a sha safe da yamma. Bai gaya masa cewa ƙaramar farar nan aikinta korar ruwa ta hanyar fitsari ba. Bai kuma tambayi sana'ar mutumin ba.

Ladani ya sha ta yamma gab da Magariba. Ya kira salla, ya tayar da iƙama, liman ya kabbarta. Ana raka'a ta biyu mara ta matse shi. Dattijo mai furfura, a sahun gaba, ga surukinsa a damansa, sai da ya keta mutane ya fita, riƙe da hanci kamar mai haɓo. Kashegari ma haka. Da ya ga ƙwayar nan ba za ta bar masa alwala ba, sai ya tura ta bayan buhun gero, ya ce shi da ita sai a lahira. Ruwa kuwa ba ya jiran gayyata. Kafin wata ya mutu an sake ɗauko shi ranga-ranga. Aka kwantar, aka sallama da ƙwayar nan da umarnin nan, ya koma, ya dawo. Kowace dawowa sai ta rage masa ƙarfi, har dattawan masallaci suka fara zancen miƙa lasifika ga wani.

"Baba, kai kuma? Gadonka na nan, ba mu ba kowa ba," in ji wata nas, sauran suka yi dariya. Suka yanke cewa taurin kai gare shi. Shi kuwa sai ya ce "na gode" ya juya fuska bango, don ya gwammace ya shaƙe da ya ambaci bawali a gaban sa'ar jikarsa.

A kwanciyar da ta fi muni, sai ga taubashiyarsa ta zo dubiya, wata tsohuwa mai tuyar masa, wadda tun suna yara ba ta raga masa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai bawana, asibitin nan gadon gidanku ne, ko wata nas ka hango?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Duk duniya ita kaɗai ce babu kunya tsakaninsu, don haka ya raɗa mata abin da ke akwai. Ita kuwa ba ta iya raɗa ba. Da likita ya shigo zagaye ta gyara ɗaurin zane, ta tare hanya.

"Ɗana, wannan da kuke ce wa ba ya jin magana, wa ya taɓa tambayarsa dalili? Ladani ne! Ƙwayarku fitsari take sa shi a tsakiyar salla!"

Ladani ya ja mayafi ya rufe kai. Sai wani tsoho daga gadon ƙarshe ya ce, "Wallahi ni ma shi ya sa ba na sha ranar kasuwa." Likitan nan ya zauna bakin gado, ya tambayi yadda yinin ladani yake tafiya daga Asuba zuwa Lisha. Ya sake duba shi, ya mayar da ƙwayar bayan sallar Asuba, yadda kafin Azahar ta gama aikinta. Ya ce kada ya ƙara barin shan ta don kansa, kuma ranar da takalmi ya fara matsewa ya zo da ƙafarsa, kada ya jira a ɗauko shi.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, ba a gan shi ba, har ma'aikata suka fara cewa Allah ya jiƙan Baba. Ran nan sai ga shi cikin farar riga, yana taku ɗai-ɗai, da ƙwaryar fura a hannu zai kai wa wani maƙwabci. Nas ɗin nan ta zabura ta fara kakkaɓe zanen gado.

"Ninke abinki, 'yata," in ji shi. "Yau dubiya na zo."

To, azabar da ya sha kafin nan, wa zai biya shi? Tambayar da ta raba shi da gadon nan ba ta kai tsawon hamma ba, amma sai da tsohuwa ta yi ihu aka yi ta. Wannan sakaci ne, kuma gyaransa wajibi ne. Kada a sake sallamar mai irin wannan ciwo sai an keɓe da shi, an faɗa masa abin da kowace ƙwaya za ta yi masa, an ji yadda yininsa yake. Shi ma majiyyaci ya buɗe baki ya faɗi. Hausawa sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.